Wasiƙa Daga Jamus: Ka Riƙe Kuɗin Jirginka Tukuna

Zuwa ga abokin wasana, Alhaji Sabi'u na Kantin Kwari,

Saƙonka ya iso, wanda kake cewa in nema maka shago a nan, wai ka ji Jamusawa suna garƙame kantunansu kowace Lahadi da kowace ranar hutu, kai kuma za ka zo ka buɗe a ranakun ka kwashe cinikin gari kai kaɗai. Dabarar ta yi kama da kai, mutumin da ko ranar ɗaurin aurensa sai da ya tambayi farashin shadda. To, ba lalaci ne ya sa suke rufewa ba. Doka ce, kuma ina ganin tana da hujjar da ya kamata ɗan kasuwa ya fi kowa ganewa.

Tushen abin a tsarin mulki yake. Sashe na 140 na tsarin mulkin Jamus ya ɗauko wani sashe daga tsarin mulkin 1919, wanda ya keɓe Lahadi da ranakun hutu na hukuma domin hutun aiki da natsuwar zuciya. A 1956 aka yi dokar rufe kantuna ta ƙasa baki ɗaya, a 2006 kuma aka miƙa wa jihohi 16 ikon tsara nasu lokutan. Daga nan ne lissafin ya rikice wa baƙo. A Bavaria ƙarfe 8 na dare ake rufewa ko a ranar aiki. Ranar 3 ga Oktoba, ranar haɗewar Jamus, kowa hutu yake, amma 8 ga Maris hutu ne a Berlin tun 2019 alhali a Hamburg ana ciniki, sannan birnin Augsburg yana da nasa hutun shi kaɗai ranar 8 ga Agusta. Ranar jajiberin Kirsimeti kuwa ƙarfe 2 na rana ake ja ƙofa, daidai lokacin da kai za ka ce kasuwa ta fara ci.

Hujjar ita ce ɗan kasuwa ba ya iya hutawa sai maƙwabcinsa ya huta. Kai shaida ne: in na kusa da kai ya buɗe, ba za ka iya zama a gida ba ko da zazzaɓi kake yi, don ka san kwastomanka zai leƙa can, in ya ji daɗi kuma ba zai dawo ba. Saboda haka in aka ce kowa ya zaɓa, a ƙarshe babu mai zaɓi, kowa buɗewa zai yi. Cinikin kuma ba lallai ya ƙaru ba, domin wanda yake cin mudu ɗaya ba zai koma cin mudu biyu don an buɗe kanti ranar hutu ba. Abin da zai ƙaru shi ne kuɗin wuta da gajiyar ma'aikata. Manyan kantuna irin Aldi da Lidl suna da ma'aikatan da za su yi karɓa-karɓa, amma mai ƙaramin shago shi da matarsa ne kawai, su ne za su rasa ranar zama da 'ya'yansu. Wannan ne ya haɗa kan coci-coci da ƙungiyar ƙwadago ta ver.di, waɗanda ba kullum suke shan inuwa ɗaya ba. A watan Disamba na 2009 kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta hana Berlin buɗe kantuna Lahadi huɗu a jere kafin Kirsimeti, ta ce son riba na mai kanti da son sayayya na mai saye ba su isa su ture hutun ba. Ana barin 'yan Lahadi kaɗan a shekara, huɗu a jihohi da dama, kuma sai da dalili kamar biki ko baje-koli.

Na san abin da za ka ce: ina ruwan Musulmi da hutun Ista? Gaskiya ne Sallah ba ta cikin ranakun hutu na ƙasa a nan, ko da yake Hamburg ta sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyoyin Musulmi a 2012 wadda ta ba ma'aikaci damar neman fashin aiki ranar idi. Amma dokar ba ta ce ka je coci ba, cewa ta yi ka ja ƙofa. Ranar hutu amfaninta shi ne kowa ya same ta tare, makaranta a rufe, ofis a rufe, ɗan'uwa ya iya ziyartar ɗan'uwa. Mu ma a ranakun nan ake sa suna da walima, don ran nan ne kaɗai za a ga kowa.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne wajen togaciya. Gidan mai yana buɗewa, kantin tashar jirgin ƙasa da na filin jirgin sama suna buɗewa wai don matafiya, masu burodi da masu furanni suna samun 'yan sa'o'i, kantin magani kuma ana yin juyi. Sakamakon haka, ranar hutu za ka ga layi a kantin babbar tasha har bakin ƙofa, kowa riƙe da madara da taliya, kuma babu mai tikitin tafiya ko nan da can. Abin dariyar ya kai maƙura a jihar Hessen, inda kotu ta ce ƙananan kantunan kamfanin Tegut da babu ma'aikaci ko ɗaya a cikinsu, na'ura ce ke karɓar kuɗi, su ma su rufe ranar Lahadi. Sai da majalisar jihar ta gyara dokar a 2024 kafin aka yarda na'ura ba ta da iyalin da za ta kai yawo. Amma ka lura, gyara suka yi, ba wanda ya ce tunda dokar tana da huji sai kowa ya bi ta hujin.

Saura dabararka ta ƙarshe, wato a sauke ƙofar gaba rabi a riƙa miƙa kaya ta baya. A nan ma'aikatan ƙaramar hukuma suna zagayawa, kuma tara ce ba ta "Oga a yi haƙuri" ba, takarda ce za ta zo da sunanka ta gidan waya. Ko su ba su gan ka ba, mai shagon da ya bi doka ya rufe ba zai zuba ido kana cin rabonsa ba. Hatta ƙananan shagunan dare na Berlin, da mutanen gari suke ji da su, kotu ta ce Lahadi ba tasu ba ce.

Saboda haka in har za ka zo, ka zo da shirin hutawa kwana 52 a shekara, ban da ranakun biki. Na san wannan kaɗai ya isa ya sa ka fasa. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa Gwaggo saƙonta yana hanya.

Naka, ubangidanka na Hamburg,
Ɗanladi