Yaya, ashe buji ɗan Afirka ne

Marsai, Faransa

Yaya, ina zafin Damagaram? Mu nan sanyi na ta koya mana ladabi. Kuɗin da ka ce in aiko suna tafe, da zarar sun fara zuwa wurina.

Shekara da shekaru kana cika baki a gareji wai kai rabin Bafaranshe ne, don kawai kana iya ce wa yaro ya miƙo buji. To, gyara zama. A gidan abincin da nake wanke kwanuka, da magariba ake bi tebur-tebur ana kunna kyandir, kuma sunansa ke nan, bougie. Wuta ba ta ɗaukewa fa! Kashe ƙwai suke yi da gangan, su ci abinci cikin duhu, su biya ninki. Abin da Inna ke yi dole, nan sai mai hali.

Wani Bakabile da ke yanka mana albasa ya ce sunan garinsu ne aka ɗauke, Bijaya ta bakin teku a Aljeriya, wadda a da Faransawa ke kira Bougie, su kuma mutanen garin a harshensu Bgayet. Sarkin Banu Hammad, An-Nasir, ya raya ta a 1067. Daga tasharta jiragen ruwa ke kwasar kakin zuma zuwa Turai, lokacin da talakan Faransa ke ƙona kyandir na kitse mai hayaƙi da ƙauri. Na kaki sai coci da gidan sarki. Tun wajen 1300 Faransawa ke rubuta “kyandir ɗan Bougie”, daga baya suka gaji suka yar da kyandir ɗin suka riƙe garin, kamar yadda muke cewa goro ɗan Gwanja. Da mota ta zo, abin da ke tartsatsi ya kunna mai a inji shi ma ya gaji sunan.

Kai, a garin ne ma Fibonacci, yaro ɗan Italiya, ya koyi alƙaluman lissafi wurin Larabawa, ya kai gida cikin littafinsa na 1202. Su ne kake zana wa masu mota kana ƙara sifili.

Saboda haka Faransancinka ya ragu da kalma ɗaya, saura karbiratar, ita ma ina bincike. Ka gaida Inna da Anti da yaran gareji. Mai zuwa ka ba shi kilishi, mai yaji, kar ka ɗanɗana a hanya.

Ƙaninka mai wankin kwano.