Tabon da Ke Farawa daga Gefe

A 1987 wasu masana biyu na kamfanin Kodak a Amurka, Ching Tang da Steven Van Slyke, suka haɗa wani siririn shimfiɗi mai ba da haske da kansa idan lantarki ya ratsa shi. Shi ne OLED, fuskar manyan wayoyin da ake gani yau a hannun matasa a Ikara da Makarfi da Kudan. Kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na silin gashi ba. Babban abokin gabarsa damshi ne. Yadda mazarƙwailar Makarfi ke narkewa in damina ta same ta a buɗe, haka yake, har ma ya fi ta rauni.

Da can da gilashi ake rufe shi. Da aka so fuska mai lanƙwasa, irin ta Galaxy Round da G Flex na 2013, sai aka koma roba, ita kuwa roba tururin ruwa na ratsa ta. Dole aka yi masa riga hawa-hawa: shafen ma'adini mai tauri, mai laushi a tsakiya, sannan wani mai taurin. Sharaɗin shi ne ruwan da zai ratsa murabba'in mita guda a yini kada ya wuce kashi ɗaya cikin miliyan na giram. A ɗakin shafen, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta bar kafa. Rigar nan ba a ganinta. Ranar ƙaddamar da waya, launi ake yi wa tafi.

Wata rana waya ta faɗi, kusurwa ta ɗan tsage. Damshi ya samu hanya, ɗigon baƙi ya bayyana a bakin fuskar. Mai waya ya duba ya ce ai can gefe ne, tsakiya lafiya lau. Ya ƙara haske. Wayar ma ba ta kawo masa rahoto ba: agogo na tafiya, batir a cike, saƙon gaisuwa na shigowa. Can gefen kuwa ɗigogin haske na mutuwa, kowanne ya bi maƙwabcinsa. Ba su yi laifin komai ba, a bakin iyaka kawai aka ajiye su, kuma wannan ne ke ci mini rai. Wani ma sai ya ɗora baƙin hoto a fuskar don kada abokai su lura.

Sai tabon ya fara cin lambobin da yake kira sannan mai wayar ya nufi mai gyara a kasuwa. Mai gyara zai juya ta, ya tambaye shi tun yaushe. Tabon ba ya ɗaukar faci. Fuskar gaba ɗaya ake cirewa, kuɗin sabuwa kuma yakan kusa sayen wata wayar.