Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Ƙusa

Hajiya, gaisuwa mai yawa daga Dakko, da fatan kina nan lafiya a jikin tsohon katakon nan naki, baki sama kamar kullum.

Na rubuto ne in wanke ki daga wani zargi, in kuma ɗora miki wani. An daɗe ana cewa tsatsarki ce ke kawo ciwon sarƙe-haƙora. Ƙazafi ake miki. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, takin da mu da kanmu muke kaiwa gona. Ke 'yar kabu-kabu ce kawai: ki ɗauko ta, ki sauke ta can cikin tafin ƙafa inda iska ba ta kaiwa, inda ta fi jin daɗin zama ke nan. Ƙayar aduwa da tsinin karan dawa bayan girbi duk sana'arku ɗaya, amma ke kaɗai kika yi suna.

Laifinki iya rufa asiri. Lauje in ya sami mai yankan shinkafa a Bakolori, jini ya zuba, kowa ya gani, a nufi asibiti. Ke kuwa ɗigo ɗaya kike bari, bakin ya rufe, mutum ya ce ba komai. A bubbuga wurin da sanda, a ɗiga kananzir ko man birki, a koma noma. Tsakanin kwana 3 da 21 muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, a shiga neman wanda ya yi jifa. Silifa ma ba ki jin kunyarta, hudawa kike yi ki tura ɓarɓashin roba har kusa da ƙashi. Mai ciwon suga kuwa yana iya wuni da ke bai sani ba.

Abin da ke ɗaure min kai, ƙaton da kika shige inci biyu bai ce uffan ba, shi ne ke gudun ƙanwarki allura. Ma'aikatan lafiya sun ce a wanke da ruwa da sabulu, a je asibiti a ranar, wanda ya haura shekara 5 rabonsa da rigakafi a sake masa. Gogan naki sai ya ce a bari sai Talata, in ya shiga Mafara cin kasuwa.

Roƙona, Hajiya, tunda kwanciya ce aikinki, ki riƙa yin ta rub da ciki. In ta gagara, ki hau sama, kwanon ɗakina yana cigiyarki tun iskar bara.

Naki mai ɗingishi,
wani manomi, Dakko