Tekun Mutanen Saulawa

Tun da waya ta shiga hannun yara, magidanta a Saulawa suka shiga uku. Yaro ya ga 'ya'yan Legas suna birgima a rairayin bakin teku, sai ya kafe shi ma yawon Sallar bana can za a kai shi. Maigida ya lissafa kuɗin mota, ya ga sai ya sayar da masarar gida har da iri. Nan dabara kan zo masa: madatsar ruwan Tiga.

Washegarin Sallah ake ɗura iyali a mota, kwanon dambu a cinyar uwargida, kowane yaro da karan rakensa. Kafin a kai, auta ya jiƙe sabon yadinsa, biyu sun yi barci.

Ana isa sai maigida ya gyara zaman hula: "To, ga tekun nan, Audu Baƙo ya gama mana shi tun 1974."

Mai wayon cikinsu ya ɗanɗana ruwan ya ce, "Baba, malaminmu ya ce teku da gishiri."

"Kai, wannan na Arewa ne. Sai an kai gida uwarka za ta sa."