Ku Bar Roka Ta Huta, 'Yan Zamani

Jikokina masu latsa waya, na ji labarinku. An ce duk lokacin da tsofaffin direbobin Gummi suka baje tabarma suna hirar babbar motar nan Roka, sai ku riƙa taɓa juna kuna ƙunshe dariya, wai direba da maharbi ba a raba su da ƙarin gishiri. To madalla. Ku matso kusa, tunda jika ba ya fushi da kakansa, mu warware zancen.

Kun ce wai me ya sa ake ta kururuta tsohon ƙarfe. Ku fara duba taswira. Layin dogo ya ratsa Gusau ya iso Ƙaura Namoda tun 1929, a nan ya ja birki. Bai leƙa Anka ba, bai san Bukkuyum ba, Gummi kuwa ko a mafarki. Gero da dawa da wake da ƙwaryar da ake nomawa a bakin gulbin Zamfara, wa kuke tsammani ya fitar da su bayan jaki da raƙumi sun gaji? Goron Shagamu da kakanninku mata suke ɓantara, a ka aka ɗauko shi daga Kurmi? Babbar mota ce ta yi wannan aiki: ta Mayanci ta shigo, ta ratsa Anka da Nasarawar Burkullu, ta kai Daki Takwas, mai zuwa Zuru ya karkata, mai zuwa Gummi ya miƙe.

Bedford da Austin na Ingila su suka fara share fage. Sannan Marsandin Jamus mai gajeren hanci ta zo, wadda aka fara ƙera irinta a 1959, ita ce 911 da muke kira Roka. Na ga wani a cikinku ya taɓe baki yana cewa ai kayan Turawa ne, mene ne abin alfahari? Sannu malam mai kishin ƙasa. A farkon shekarun 1980 ana haɗa Marsandi a Inugu, kamfanin ANAMMCO. A lokacin ana haɗa Steyr ta Ostiriya a Bauchi, Fiat ta Italiya a Kano, Leyland a Ibadan. Bodin kuwa namu ne tsantsa: kafinta ya dasa katako, ya ɗaure da ƙarfe, mai fenti ya zana zaki ko dawisu, ya rubuta addu'a a goshi. Kai da ko murfin wayarka daga Sin aka kawo maka, kai ne za ka yi mana gorin kayan waje?

Sai babbar hujjarku: wai ba ta da gudu. Wa ya ce tana da shi? Roka ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin sauri ba. Idan ta sha lodi ta tunkari hawa, za ka ji tana gurnani kamar sa a turke, direba ya sauko da giya har ta ɗaya, yaron mota ya diro yana bin ta a ƙasa rungume da weji. In ta yi alamar komawa baya sai ka ji tsawa: "Kai yaro, sa mata!" Ya cusa katakon a ƙarƙashin taya, ta numfasa, a sake ɗauka. Ku da kuke cewa ƙarya ce mutum ya bi mota da ƙafa ya cim mata, ga amsarku. Ba yaron ne barewa ba, motar ce mai natsuwa.

Abin da ba ku gane ba shi ne, darajarta tana wurin gyara. Injin gas ne ba kwamfuta, ba wata fitila da za ta kama a gaban direba ta tsorata shi. In lagireto ya yi zafi, a tsaya a bakin rafi a ba ta ruwa. In iska ta shiga layin mai, a kwance a buga famfo da hannu har kumfa ta fita. In sifirin ya karye, a ɗaure shi da katako da igiya har a kai gari. In batir ya mutu, fasinjan da ke kan buhuna su sauko su tura, ba mai cewa ya biya kuɗin mota. Direba shi ne bakaniken farko, kuma bai zama direba ba sai da ya shekara da shekaru yana wanke mota, yana ɗaure tamfol, yana kwana a ƙarƙashin bodi yana gadin kaya. Naku direban fa? Mota ta yi tari sau ɗaya, ya zaro waya: "Oga, ta tsaya."

Kun kuma ce wai tsofaffi suna cika baki da cewa sun tuƙa mota a hannu biyu. Wannan ma ba tatsuniya ba ce. Ranar 2 ga Afrilu, 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. Mutumin da ya kwana yana bin gefe ɗaya, ya wayi gari an ce ya koma ɗaya gefen, da gingimari cike da kaya, sitiyarinsa kuma yana inda yake. Ku da canjin kalmar sirri kawai ke hana ku barci, ku gwada wannan.

Kuma ku sani direba a wancan zamani ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ke kawo wasiƙa, shi ke kawo labarin farashi a Ikko da Ibadan, shi ake ba amanar kuɗi a ƙulle cikin tsumma ya kai wa mai su ba ko sisin kwabo da ya yi ciwon kai. Ba banza ba Mamman Shata ya yi wa direbobi waƙa. Ku kawo mini sunan mawaƙin da ya yi wa mai tuƙa motar Howo waƙar da za a tuna bayan shekara hamsin, ni kuma in ba ku goron Sallah ninki biyu.

Zan ba ku gaskiyarku guda, don kada ku ce kaka ya cika son kai. Kujerar Roka ba ta san tausayi ba, hayaƙinta baƙi ne, sitiyarinta sai mai ƙarfin damtse, kuma DAF da MAN da motocin Sin na yau sun fi ta ɗaukar kaya. Amma wancan direban yana iya kashe mota a tsakiyar daji tsakanin Anka da Daki Takwas, ya shimfiɗa buzu ya yi barci har asuba, abin da yake tsoro bai wuce sauro da kura ba. Yau wa zai yi haka a wannan hanya? A nan zolaya ta ƙare, Allah Ya dawo mana da zaman lafiya.

Saboda haka in kun ga tsohuwar Roka a tasha tana lodin hatsi, ku rage dariya. Ku nemi dattijon da ya tuƙa irinta, ku saya masa shayi, ku zauna ku saurara tun yana raye. In ya ƙara gishiri kaɗan, ku haɗiye, ai haƙƙinsa ne.