Nawa Za Ka Bari? Ire-iren Masu Zane a Gaban Ciniki

A Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ba a jin kunyar maganar kuɗi. Baduku zai ɗaga jakar fata ya yanka farashi, ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya kuma cewa albarka, ka juya baya, ya kira ka ya sallama. Amma ka shiga shagon mai zane ka ce masa "nawa?", sai ka ga mutum ya rikice. Hannun da ba ya rawa wajen zana ƙwayar ido sai ya koma sosa ƙeya. Ba laifinsa ba ne gaba ɗaya: masara tana da mudu, gwal yana da sikeli, zane kuwa ba shi da ko ɗaya. Inda babu ma'auni, halin mutum ke yanka farashi, kuma halayen suna da yawa.

Malam Abin-da-ya-sauwaƙa

Shi ya fi yawa, kuma sau tari shi ya fi iya aikin. Zai shafe mako yana zana hoton mahaifin wani Alhaji da fensir, har furfurar gemu sai ya ƙirga. Ranar karɓa Alhaji ya ce, "Malam, nawa ne ladan?" Sai ya sunkuyar da kai: "Haba ranka ya daɗe, ai ba ma haka da kai. Ba da abin da ya sauwaƙa." Abin da ya sauwaƙa ga Alhaji kuwa shi ne canjin da ya rage bayan ya sha mai. Malam zai karɓa hannu biyu, ya raka shi har mota, ya bi shi da addu'a, sannan ya dawo ya bi maƙwabta shago-shago yana ba da labarin zaluncin masu kuɗi. Gaskiyar magana, yana da farashi a ransa tun ranar da ya fere fensir. So yake mai saye ya yi duba ya gano shi.

Mai duban takalmi

Wannan ba ya kallon zanen idan zai faɗi kuɗinsa, ƙafarka yake kallo. Daga takalmi ya hau kan shadda, daga shadda ya leƙa agogo, ya ƙare a makullin mota. Ka zo da silifas, dubu talatin. Ka zo da direba, dubu ɗari da hamsin. Idan Bature ne ya shigo da jaka a baya da gorar ruwa a hannu, sai lissafi ya tashi daga naira ya koma wata ƙasa, ko da Baturen ɗalibi ne da ke cin garau-garau don ya rage kashe kuɗi. Abin da mai duban takalmi ya manta shi ne masu saye suna haɗuwa, a ɗaurin aure, a masallaci, a zauren WhatsApp. Ranar da mai direba ya ga irin zanensa, girma ɗaya, a falon mai silifas, ya tambayi nawa aka saya, ranar ciniki ya mutu. Daga nan duk wanda zai je shagon sai ya ajiye mota a bayan layi ya ari takalmin maigadi.

Magajin Enwonwu

Bara ya gama karatun zane a jami'a, bana ya karanta a waya cewa a watan Fabrairun 2018 gidan gwanjo na Bonhams da ke Landan ya sayar da "Tutu", zanen Ben Enwonwu, a kan fam miliyan 1.2. Tun daga ranar bai sake ambaton dubu ba. Zanensa na farko, wani doki da ƙafarsa ta baya ta fi ta gaba tsawo, ya liƙa masa naira miliyan biyar. Ka taya, ya dube ka da tausayi ya ce, "Matsalar mutanenmu ke nan, ba su san darajar fasaha ba." Sashen labarin da bai karanta ba shi ne: an zana "Tutu" a 1974, mai zanen ya rasu a 1994, kuma tun a shekarun 1950 sunansa ya kai har ya yi wa Sarauniyar Ingila mutum-mutumin tagulla. Shekara 44 ke tsakanin buroshi da wancan gwanjo, kuɗin kuma aljihun waɗanda zanen ke hannunsu ya shiga. Magajin yana nan yana jiran attajirin da zai gane shi, kuma kafin attajirin ya iso, yana neman aron kuɗin data.

Ɗan dala

Shi kam yana da hujja. Fenti mai kyau, buroshi, takardar zane, yawancinsu daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a kasuwar canji a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haye 1,500 a farkon 2024. Wanda bai ƙara kuɗi a lokacin ba, uwar kuɗinsa ya ci. Inda ɗan dala ya ɓata rawarsa da tsalle shi ne ya mai da dala amsar kowace tambaya. Da gawayi yake zane, gawayin da ya tsinta a murhun mai shayi, amma ka ce ya yi ragi sai ya ce, "Yallaɓai, ka san yadda dala take." Ƙwaryar da yake sassaƙawa daga gonar kakarsa aka yanko ta, ita ma dala ta taɓa ta. Kunnensa yana jin tashin dala tun kafin 'yan canjin Wapa su ji, amma ranar da ta sauko, sai a tarar wayarsa ba caji.

Ba-na-sayarwa-ba-ne

Zai kira ka da kansa ka zo ka ga sabbin ayyuka. Ka zaga, ka nuna wanda ya kwanta maka, sai ya dafe ƙirji: "Kash! Wannan ba na sayarwa ba ne." Ka nuna na kusa da shi, wannan ranar da aka yi masa haihuwa ya fara shi. Na ukun yana zazzaɓi ya ƙarasa shi, don haka kuɗinsa ninki biyu ne, ko da yake rabin girman sauran ne. Wahalar da ya sha yake sa wa kuɗi, alhali mai saye abin da zai rataya a bango ya zo nema, bai zo dubiya ba. In ma ya yarda ya sayar, sai ya tambayi wane ɗaki za a rataye shi, ko rana tana dukan bangon, ko akwai yara masu ƙiriniya. Shagonsa ya cika har ba wurin shimfiɗa sallaya, mai gidan haya kuma ba ya karɓar zane.

Mai gwanjon ƙarshen wata

Farkon wata zaki ne: dubu ɗari biyu, ko sisi ba ragi. Ranar ashirin da biyar ga wata, da kuɗin makaranta da na haya suka haɗu, sai sanarwa ta fito a Facebook: "Garaɓasa! Komai rabin kuɗi, kwana uku kacal!" Kwana ukun nan suna dawowa duk wata, har masu saye sun haddace kalandarsa, ba mai leƙo shi sai an shiga ashirin. Wanda ya saya a cikakken farashi kuwa yana ganin sanarwar zai ji an mai da shi saniyar tatsa, ba zai dawo ba. Ƙanensa shi ne mai zagayawa ta bayan gida. Ya kai aikinsa gidan baje kolin zane a Abuja ko Legas, inda bisa al'ada la'adarsu kan kai rabin kuɗin, sannan ya raɗa wa mai saye, "Bari a tashi, ka same ni a shago, zan ba ka a rabi." Sau ɗaya ake yi wa masu gidan haka. Su ma suna da zauren WhatsApp.

Hajiya Ji-amarya

Mai zanen lalle ce, hannunta kuma sai dai a ce ma sha Allah. Kin zo da ƙafa da hannu ranar Talata, ta faɗi kuɗi daidai misali. Kuskure ɗaya za ki yi, ƙawarki ta ce, "Anti, a yi mata mai kyau, amarya ce." Nan take lallen ya zama na Sudan, zanen ya zama na Dubai, kuɗi ya ninka biyar. Shi ya sa amaren yanzu suke zuwa da tsohon hijabi suna cewa sunan maƙwabciya za su. Hajiya tana da gaskiyarta, domin lallen amarya yakan cinye yini guda, ga ƙawaye goma da za su miƙo hannu a yi musu "ɗan kaɗan". Da ta rubuta a bango cewa zuwa wuyan hannu kaza, zuwa gwiwar hannu kaza, ƙawa kowacce kaza, da ba wadda za ta yi mata ƙarya.

Wadda ba ta taɓa ganin mai saye ba

A nan dariya takan ragu. Tana cikin gida tana ɗinkin hula, allura da zare, makonni kafin ta gama guda. Dillali ya karɓa ya ba ta abin da ya ga dama, wani ya wanke ya buga, hula ta isa kanti da kuɗin da ita ba ta taɓa jin labarinsa ba. Alhajin da ya kafa ta a goshi ya san sunan kantin, bai san nata ba. Ladi Kwali ma a ƙauye ta fara ginin tukwane irin na matan Gbagyi. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a fada, wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su a can, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja. A can ayyukanta suka fara fita da tambarin LK, aka baje su a Landan, a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa, yau hotonta ke bayan naira ashirin. Gwanintar tana nan tun tana ƙauye. Abin da ya ƙaru shi ne mai saye ya san hannun wa yake biya, kuma farashi ba ya hawa a kan aikin da ba shi da suna.

Mai littafi

Abokan sana'a suna kiransa Bature, wasu su ce marowaci. Ba shi da labari mai daɗi, littafi gare shi mai bango baƙi. A ce zane ya ci kayan dubu 20, ya ɗauke shi kwana biyar, ya yanka wa kansa ladan dubu 10 a rana, ya ɗora dubu 10 na haya da wuta da kuɗin mota: dubu 80 ke nan. Duk aikin da ya kai wannan girman, haka kuɗinsa yake, ko yana son sa ko ba ya so, ko da silifas ka zo ko da jiniya. In aikin zai shiga gidan baje koli, tun farko yake sa la'adarsu a lissafi, farashin can da na shago ya zama ɗaya. Aikin oda kuwa sai an ba da rabi kafin alƙalami, gyara sau biyu kyauta, na uku da kuɗinsa, saboda ya san akwai Hajiyar da za ta ce a rage wa maigidan tumbi bayan fenti ya bushe.

Ƙarin kuɗi ma ba ranar da ya tashi da fushi yake yin sa ba. Littafin yake dubawa. Idan cikin ayyuka goma takwas sun tafi ba tare da dogon ciniki ba, ko layin masu oda ya kai wata biyu, ya san ya yi araha. Sai ya ɗora kashi goma cikin ɗari, dubu 80 ta zama 88, ya sanar da tsofaffin abokan ciniki tun da sauran wata guda, su kuwa su ruga su saya a tsohon farashi suna yi masa godiya. Sannu yake hawa domin ba ya son saukowa. In kasuwa ta yi sanyi, ba ya karya kuɗin manyan ayyuka, ƙanana yake zanawa masu sauƙin kuɗi, mai ƙaramin ƙarfi ya samu, wanda ya sayi babba bara kuma bai yi asara ba.

Shi ma yana da Kawu, mai cewa, "Ɗana, ni da na goya ka za ka karanta wa lissafi?" Ga Kawu yakan yi kyauta, amma sai ya rubuta cikakken kuɗin a rasit ya soke da biro, don Kawu ya san nauyin abin da ya ɗauka, kada gobe ya turo abokansa bakwai. Wanda ba ya samun wannan alfarma shi ne Honorabul, mai zuwa da 'yan rakiya ya zaɓi mafi girma ya ce, "Kai dai bar maganar kuɗi, zan tallata ka wajen manya." Mai littafi yakan yi murmushi ya miƙa masa lambar asusu: "Na gode, ranka ya daɗe. A fara biya tukuna. Manyan za su tambaye ka nawa ka saya, bai kamata a ce ba ka da amsa ba."