Tururuwa da Gara a Gidan Barewa

Ga ta nan, ga ta nanku.

A can gefen rijiyar Kusugu a Daura, an yi wata Barewa mai gida ɗaya tilo, katangarsa da yaɓe mai santsi. Masu gadinta tururuwa ne. Kullum takan zuba musu gari, su dama shi ya yi tsami kamar kindirmon Fulani, su yayyafa a jikin bango. Baƙon da ya shaƙi tsamin nan sai ya juya. Akwai gara 'yan kaɗan a lungu, amma tsami ya hana su sakat, ko tari ba sa yi.

Ran nan sai ga Gizo da tallar kaya a kai. Ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, gida kamar naki da tsami? Ga kanwa, ga sabulu mai ƙamshi, ga turaren tsuguno, ga matsi. Ki riƙa wankewa har can ciki, safe da yamma."

Barewa ta saya. To, duk macen da ta taɓa miyar yakuwa ta san abin da kanwa ke yi wa tsami. Kwana kaɗan tururuwa suka mutu, saura suka watse.

Gara suka fito. Ba su yi gaggawa ba, gara ba ta gaggawa. Suka fara gina rufin ƙasa a bango, suka ɓuya a ƙarƙashi, suka gayyato danginsu, sannan suka shiga cin yaɓe. Bango ya fara zubar da ruwa toka-toka, gida ya ɗauki ƙarni kamar kifi. Barewa ta ji kunya, ta kira Gizo a asirce. Shi kuwa ya ninka mata kaya, ya ninka kuɗi. Tana wanki, ƙarni na ƙaruwa. Katanga ta tsage, Kura ta fara leƙe. Cikin da Barewa ke ɗauke da shi ma ya zo bakwaini.

Sai ta tafi wurin Dila, malamin daji. Ya duba bango, ya ɗanɗana ruwan, ya girgiza kai.

"Baiwar Allah, ina masu gadinki?"

"Na share su, Malam. Gizo ya ce ƙazanta ce."

"Su ne tsabtar," in ji Dila. Ya ba ta magani na kwana 7, ya ce kada ta tsallake ko rana ɗaya. "Zai kashe garar da ke fili, amma na ƙarƙashin rufi sukan tsira. Ki wanke ƙofa da ruwa zalla, ki bar ciki, ko tururuwa sa dawo. In ƙarni ya komo, ki zo da maigida, don gara takan maƙale a jikinsa."

Ta koma gida. Da Gizo ya sake yin sallama, ba ta amsa ba.

Ƙurunƙus.

'Yar'uwa, gidan nan gaban mace ne. Tururuwa su ne ƙwayoyin Lactobacillus, dangin masu tsinka nono, waɗanda likitan Jamus Döderlein ya bayyana a 1892. Su ke riƙe ma'aunin tsami ƙasa da 4.5. Gara kuwa ƙwayoyin cuta ne masu jawo ciwo, shugabarsu Gardnerella ce, wadda Gardner da Dukes suka siffanta a Amurka a 1955, Kura kuma ƙanjamau da sauran cututtukan saduwa. Maganin da Dila ya bayar shi ne metronidazole, wanda muka sani da Flagyl, amma fiye da rabin matan da suka sha shi ciwon kan dawo musu cikin shekara. A 2025 wani bincike a Ostireliya ya nuna yi wa miji magani tare yana rage dawowar sosai. Ba duk abin da muke kira ciwon sanyi ne iri ɗaya ba, don haka kafin ki sayi komai a kemis, ki je asibiti a gwada ki.